Ordinatar mai alƙalami da kwarin Bulama Kyari

Jiya ina zaune a bakin shago, ɗaya daga cikinku ya ɓare fuskar waya, ya manna sabuwa, ya miƙa wa mai ita tun shayina bai huce ba. Ya waiwayo ya ce mini, "Baba Lawali, ai aikin nan babu wuya, ku dai a zamaninku kun cika jan rai." Ban tanka masa ba don akwai baƙi. Yau kasuwa ta watse, ku jawo benci ku zauna. Abin da kuke yi sunansa canji: a cire wannan, a sa wancan. Gyara daban ne. Gilashin nan da kuke shafawa da yatsa, na yi kokawa da kakansa a nan Gure tun ba a haifi mafi yawanku ba, kuma har yau ba zan ce ni na yi kaye ba.

Rediyon farko da aka bari na buɗe na wani Bafillace ne, a Damagaram, a rumfar Malam Badamasi da ke bayan tasha. Kafin ranar na daɗe ina shara, ina hura gawayi, ina riƙe masa madubi yana haska cikin akwatin rediyo da hasken rana. Rediyon ya zo a jakar fata, yana warin nono. Na ɗauki turnabis, wato sukuddireba, zan kwance, Malam ya buge mini hannu, ya ce in fara tambayar mai shi abin da ya faru ranar da ya yi shiru. Bafillacen ya rantse bai faɗi ba, bai jiƙe ba, kwana kawai ya yi ya tashi bebe. Da muka buɗe, ciki duk tsatsa, ga busasshen kindirmo a kan allon da kayan ciki ke liƙe a kai. Bayan ya tafi Malam ya ce mini, "Ka gani ko? Ka riƙa tambaya, amma kada ka yi saurin yarda. Inda mai kaya ya fi rantsuwa, nan za ka fara dubawa."

Kayan aikin rumfar nan duka suna shiga babban gwangwanin madara guda. Ƙarfen liƙi na jan ƙarfe ne, a gawayi ake gasa shi. In ya yi zafi da yawa ya ƙone allo, in bai kai ba dalma ta dunƙule kamar kashin akuya. Ƙananan turnabis daga wayar ƙafar keke muke feƙe su. Akwai gashin zabo na share datti, da tsohon buroshin haƙori, da mita ɗaya mai allura wadda Malam ke naɗewa a tsumma kamar jinjiri. Babu kantin da za ka je ka sayo sabon abu. Mataccen rediyo shi ne kantinka, kuma sai ka san wace gaɓa ce ta mutu a cikinsa kafin ka ɗebi sauran.

Daga rediyo na koma injin buga takarda na birorin gwamnati, wato ofisoshi. Daga can wani poroje, wato shirin masu ba da taimako, na yaƙi da yashi ya ɗauke ni, aka kai ni Yamai aka nuna mini cikin ordinatar, wadda ƴan Najeriya ke kira kwamfuta. Ba wani karatu mai zurfi aka yi mini ba. An nuna mini yadda ake kwancewa da yadda ake zuba mata tsari daga disket, aka ce sauran zan koya a hanya, aka turo ni Gure.

Ordinatar farko da na gyara a garin nan ta sakataren biro ce. Mutum ne mai tattali, ya ji an ce yashi na kashe ta, sai ya lulluɓe ta da bargo har lokacin da take aiki. Ta dahu a ciki. Wata kuma tsaka ce ta shiga wurin da kuran, wato wutar lantarki, ke shiga, ta mutu a can, ta tafi da na'urar. A lokacin duk garin ordinatoci ba su wuce ka ƙirga da yatsun hannu ba, kuma kowace ka taɓa, akwai mutum tsaye a kanka yana numfashi. Kuran ɗin biro daga gurup yake zuwa, wato injin wuta mai shan gazuwal, man dizal ke nan, a kunna da hantsi a kashe da azahar. Abin da ba ka gama ba a tsakanin nan, sai gobe.

Aikin da nake son ku ji shi ne na Madam Hadiza, wajen ƙarshen shekarun casa'in. Ma'aikaciyar gandun daji ce, mutuniyar Tawa, aiki ya kawo ta nan. Ita ke bin kwaruruka tana auna inda yashi ya ci. Kun san kwari: rami ne mai faɗi a tsakanin tuddan yashi, ruwa kusa, ana dabino da rogo da rake da albasa. Poroje ya ba ta wata ordinatar ta ɗauka a hannu, irin wadda ba mu taɓa gani ba. Tana da maɓallan rubutu kamar sauran, amma fuskarta tana juyawa ta kwanta a kansu, ta zama kamar allon karatu, kuma tana da alƙalaminta da ake zane da shi a kan gilashin. A cikinta akwai hotunan kwaruruka da aka ɗauka daga jirgin sama. Madam takan bi bakin tudu da ƙafa, tana kallon ƙasa tana kallon hoto, tana jan layi daidai inda yashi ya tsaya.

Ta shigo mini da ita naɗe a cikin mayafi.

"Malam Lawali, ta mutu."

"Madam, me ya faru ranar?"

"Ba zan ɓoye maka ba. Daga kujerar mota ta faɗo a hanyar Gidigir, tana kunne."

A duk rayuwata ta aiki ita ce ta farko da ta gaya mini gaskiya tun ban matsa ba. Na kunna, na kara kunne, na ji faifan ciki yana ƙas, ƙas, ƙas. Wannan ƙarar ba ta da magani. Bakin da ake jona ɓera, abin da ake jan kibiya da shi a fuskar, ma ya fashe a faɗuwar. Na ce mata faifai ya tafi. Ta ce hotunan da tsofaffin zanen suna nan, ta kwafe su a disket ta ajiye a akwatin tufafinta. Sabon zane ne babu. Bayan damina baƙi za su zo daga Yamai su zaɓi kwarurukan da za a yi wa shinge a dasa itace, kuma sun ce ba za su duba kwarin da ba a ɗora sabon layinsa a kan tsoho a cikin na'ura ba. Zanen takarda ta riga ta aika, an mayar mata.

Faifai na samu a jikin wata matacciyar ordinatar a asibiti, majo, shugaban asibitin, ya ba ni. Na je kabad ɗin biro in ɗauko disket ɗin asali da na'urar ta zo da su, na tarar an ajiye su a kabad na ƙarfe, jikin taga, inda rana ke bugawa. Wasu sun karantu, wasu sun ƙi, kuma irin wannan tsari in ɗaya ta ƙi duka sun ƙi. Muka buga waya Yamai daga gidan waya. Bayan an sha jira aka ce kamfanin ya daina yin irin wannan na'ura, wanda ya kawo ta kuma ya koma ƙasarsu.

Nan ne Mushe Hamani ya shigo maganar, Mushe kuwa shi ne yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. Malamin lissafi ne a kwaleji, Bazabarme daga Dosso, siriri, mai tabarau ɗaure da zare. A shekarar, lakwal, wato makarantar boko, a rufe take saboda yajin aiki, yana zaune ba abin yi. Yana da tsohuwar ordinatar a ɗakinsa, da wani faifai mai ƙyalli da abokinsa ya aiko masa daga waje. Ya ce a cikinsa akwai tsari mai suna Linuks, wanda ba na wani kamfani ba ne. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta, suka bar shi a buɗe, kowa na iya karanta cikinsa ya canza.

Na ce, "Mushe, abin da ba shi da mai shi, in ya lalace wa za a kira?"

Ya ce, "Kai za a kira, Malam Lawali."

Na'urar Madam ba ta da bakin da ke cin irin wannan faifai, don haka na haɗa waya tsakaninta da ta Mushe, muka riƙa tura tsarin kaɗan-kaɗan kamar mai ɗura wa ɗan akuya nono. Ta tashi. Maɓallai suna aiki, hotunan kwaruruka sun buɗe, tsohon layi ya fito sarai. Madam ta ɗauki alƙalami ta ɗora a kan gilashi. Babu abin da ya motsa. Ta goga, ta danna, ta juya shi. Kamar tana zane a kan tulu.

To, ku saurara, don nan ne sana'ar take. Gilashi yana jin alƙalami, amma yarensa daban, na tsarin daban. Sai da ɗan ƙaramin rubutu a tsakani mai yin tafinta, wanda masu Faransanci ke kira pilot. Wayoyin da kuke gyarawa suna zuwa da nasu a ciki, ba ku ma san yana nan ba. Namu ya mutu tare da tsohon faifai, kuma sabon tsarin bai taɓa jin labarin wannan gilashi ba. Babu intanet a Gure, babu wanda za a tambaya. Akwai ni da turnabis, akwai Mushe da ƙamus na Ingilishi.

Abu na farko, sai mun san ta wace ƙofa gilashin ke magana. Na kwance fuskar, na bi wata siririyar waya mai faɗi kamar ganyen kaba, daga bayan gilashi, ta cikin gaɓar da fuskar ke juyawa a kai, har zuwa wani ɗan baƙin dutse a kan allo. Na gane irinsa, shi ne mai kula da ƙofofin da ake jona kaya ta baya. Ke nan alƙalamin yana da ƙofarsa a ɓoye a ciki, sai dai kowace ƙofa tana da lamba, tamu kuma ba a rubuta ta ko'ina ba. Muka zauna gwaji. Mushe ya buga lamba, ni in goga alƙalami, mu zuba ido. Shiru. Ya canza, in goga. Shiru. Wata lambar in ka buga, na'urar ta sandare gaba ɗaya, sai an kashe an sake kunnawa, kuma tashinta kaɗai ya isa ka yi alwala ka dawo. Haka muka yi ta yi, hantsi bayan hantsi, har ranar da na ɗora alƙalami sai ga tarkacen haruffa suna zubowa a fuskar kamar an ɓarar da gero. Na ɗaga hannu, suka tsaya. Na mayar, suka ci gaba. Mushe ya cire tabarau ya goge.

Duk ranar kasuwa akwai mai zuwa duba mu. Bulama Kyari ne, dattijon Manga, mai garin wani ɗan ƙauye a bakin kwari, gabas da Gidigir. Kwarinsa na cikin waɗanda Madam ke son a yi wa shinge. Yakan ɗaure raƙuminsa a gindin bedi, wato dogon yaro, ya shigo ya yi gaisuwa mai tsawo, rabi da Barbarci rabi da Hausa, sannan ya zauna a ƙasa ya ƙi kujera.

"Malam, ya jikin alƙalami?"

"Da sauƙi, Baba. Ya fara magana, ba mu dai gane abin da yake faɗi ba."

"To, Allah ya buɗe bakinsa. Ka gaya masa tudun arewa ya shiga gonar rogon ƙanena."

Bai taɓa ɗaga murya ba, bai taɓa cewa mu yi sauri ba. Kowane zuwa dai yakan faɗi abin da yashi ya ci tun zuwansa na baya, ya tashi ya tafi.

Tarkacen haruffan nan sai da muka daidaita saurin da ƙofar ke saurare da saurin da gilashi ke magana, sannan suka zama lambobi masu kan gado: in ka taɓa wuri ɗaya sau biyu, abu ɗaya ya fito. Mushe ya sa aka ɗauko masa allon aji da alli. Ni ina taɓa kusurwoyin gilashi da tsakiyarsa, shi yana kwafe lambobin a allo, har ya ware waɗanda ke faɗin nisa daga hagu, da waɗanda ke faɗin nisa daga sama, da wadda ke cewa bakin alƙalami ya taɓa. A cikin faifansa akwai pilot na wani allon zane na daban. Ya buɗe rubutunsa ya riƙa canza layi-layi don ya dace da namu. Amma rubutu ba ya aiki ɗanye, sai na'ura ta sarrafa shi, abin da muke kira dafawa. A wannan tsohuwar na'ura dahuwa ɗaya takan ci hantsi guda. In ka manta ɗigo ɗaya, sai ta kusa gamawa ta tofar maka da shi. Ga gazuwal ya fara ƙaranci, mai gadi yakan kashe gurup tun azahar ba ta yi ba, dahuwa na tsakiya, gobe a sake daga farko.

Ranar da kibiyar ta fara motsi mun zaci an gama. Na ja alƙalami dama, ta yi ƙasa. Na ja ƙasa, ta yi dama. Mushe ya juya lissafin, muka sake dafawa. Ta bi hanya, amma tana gefe da bakin alƙalami da faɗin yatsa biyu, kuma faɗin yatsa biyu a kan hoton jirgi gonar mutum ce sukutum. Muka sake auna kusurwoyi, muka sake dafawa. Ta zo daidai. Sai kuma ta kama rawa. Ka riƙe alƙalami cik, kibiya tana karkarwa kamar mai masassara, in ka ja layi ya fito kamar haƙoran zarto.

Rawar nan ta ci mana kwanaki masu yawa. Mushe ya bi rubutunsa daga sama har ƙasa ya sake bi, ya ƙara lissafin da zai kwantar da ita, ta ƙi. Ni na wanke gilashi, na canza bakin alƙalami, na sake liƙe duk inda nake zargi. Rannan muna cikin yi mai gadi ya kashe gurup, na'urar ta koma kan ɗan batirinta, sai kibiya ta tsaya cak. Muka dubi juna. Ashe ba rubutu ba ne, ba gilashi ba ne, kuran ɗin gurup ne mai datti yake shiga yana ruɗa ta. Batirin nata kuwa ya tsufa, ba ya kai ka sha ruwa. Na samo batirin mota, na ciro abin rage ƙarfin wuta daga wani mataccen rediyo, na haɗa su a akwatin katako mai maratayi. Nauyinsa ya kai na tulun ruwa, amma layi ya miƙe.

Saura ɗaya. In fuskar tana tsaye alƙalami na aiki, in an kwantar da ita kamar allo, yadda Madam ke buƙata, sai ya ɗauke. Wannan kam ban bar Mushe ya taɓa rubutu ba. Na koma kan siririyar wayar nan, na sa gilashin ƙara gani, na tarar yashi ya shiga gaɓar ya yi ta gurzar ta shekara da shekaru, zaren ciki sun tsage, in an lanƙwasa su rabu, in an miƙe su haɗu. Na warware wayar naɗin rediyo, wadda ba ta kai kaurin gashin doki ba, na yi wa kowane zare gada. In hannu ya kauce sau ɗaya, ka haɗe zare biyu, ka kashe gilashin har abada. Na riƙa ɗauke numfashi ina liƙawa. Da na gama na kwantar da fuskar, na ɗaure ta da tsinkiyar fata, na ce wa Madam kada wanda ya sake ɗaga ta.

Muka tafi kwarin Bulama a kat-kat ɗin poroje, motar shiga yashi, ni da Madam da Mushe. Daga kan tudu in ka leƙa, kore ne shar a ƙasa, dabino da goruba, ga rake, ga mata suna jan ruwa. Amma ta arewa tudun ya sauko kamar an zubo shi daga kwarya, wasu dabinan sai kawunansu ake gani. Madam ta rungumi na'urar, ni ina biye da akwatin batir a kafaɗa, waya tsakaninmu kamar akala. Ƙafa tana nutsewa, rana tana dukan gilashi har sai ta kare shi da mayafi. Ta bi bakin yashin kaf, tana ja, layi yana bin hannunta ba gardama.

Da muka sauko inuwa ta ɗora sabon layi a kan tsoho. Mutanen gari suka kewaye mu. Bulama ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"Ƴata, wannan na waje fa?"

"Nan yashi yake a wancan zuwan, Baba."

"Wannan na ciki kuma?"

"Nan yake yau."

Ya sa yatsa a tsakanin layukan biyu, bai taɓa gilashin ba, ya riƙa kiran sunayen masu gonakin da ke wurin, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya nuna wani ɗan ɗigo dab da sabon layi ya ce rijiyar da mahaifinsa ya gina ce, ita ce mai daɗin ruwa, sauran duk da kanwa. Madam ta ce masa in Allah ya so ta nan za a fara shingen. Ya ce Allah ya so. Ta bi sauran kwarurukan a makonnin da suka biyo, ta kwafe komai a disket ta aika Yamai, kuma wannan karon ba a mayar mata ba.

Baƙin ba su zo bayan damina ba, aka ce sai bayan azumi. Ana nan sai aka wayi gari rediyo na kiɗan soja, mulki ya sake canza hannu a Yamai. Masu ba da taimako suka naɗe tabarmarsu. Wata safiya aka jera motocin poroje aka kora su yamma, aka kwashe gurup, aka sa kwaɗo a biro. Madam Hadiza aka mayar da ita wani gari can wajen Tawa. Mushe Hamani ya gaji da zaman jiran a buɗe lakwal, ya tattara littattafansa ya tafi neman koyarwa a Kwatano, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Na'urar kuwa, wanda ya zo kwasar kaya ya juya ta, ya ga tsinkiyar fata da akwatin katako, ya ce wannan ba ta cancanci wuri a mota ba. Aka bar mini ita.

Shekarar nan ita ce mafi muni a sana'ata. Na kama rumfar nan da kuke gani, lokacin zana ce da kara. Ordinatocin gari suka mutu ɗaya bayan ɗaya, babu mai kawo su, don birorin ma babu kowa a ciki. Na koma gasa ƙarfe a gawayi kamar ban taɓa barin Damagaram ba. Tocila nake gyarawa, da fitilar kwai, da agogon bango. Gero ya yi wuya, mutum ya kawo rediyo ya ce zai dawo ranar kasuwa, ka gyara, ka jira, sai ka ji ya tafi Libiya ko Najeriya. Rediyoyi suka taru a bayana har rufi, duka gyararru, babu mai kunna su.

A cikin bazarar da ta biyo Bulama Kyari ya zo, wannan karon a ƙasa, tare da babban ɗansa, magidanci, wanda ya dawo daga ci-rani. Bulama ya rame. Bayan gaisuwa ya ce iskar bana ta yi musu aiki, tudun ya sauko ya rufe rijiyar da abin da ke kewaye da ita, har ba a gane wurin. Suna so su tono ta, amma kowa da inda yake nunawa.

"Malam, alƙalamin nan yana da rai?"

Na jawo akwatin, na ari batir wurin mai gyaran mota, na kunna. Ta daɗe kafin ta tashi, amma ta tashi, ga kwarin, ga layuka biyu, ga ɗigon. Na shafa wa farar takarda man gyaɗa har ta zama ana gani ta cikinta, na shimfiɗa a kan gilashi, na bi da fensir: rijiya, da babbar gorubar da ke kudu da ita, da dabinai biyu da ke gabas. Na nuna wa ɗan yadda zai auna da igiya daga gindin gorubar. Ya ce gorubar sai kanta ake gani yanzu. Na ce to ya auna daga kan, ya tuna itace yakan karkata. Abin da na iya ke nan. Bulama ya naɗe takardar ya sa a cikin hularsa.

Sun yi tono har ƙarshen bazara. Abin da suka kwashe da safe, kafin la'asar ya gangaro ya koma. Wani rami ya rufta da mutum har ƙirji, da ƙyar aka zaro shi. Ba su tarar da bakin rijiyar ba. Ko takardata ce ta kauce, ko sun tsaya saura kaɗan, babu wanda zai iya faɗa muku. Ruwan kanwa ba ya shayuwa ga yara, don haka gidajen suka fara tashi, wasu Gidigir, wasu Alakos wurin dangi masu dabbobi.

Bulama shi ne na ƙarshen tashi. Ɗansa ya samu aikin bulo a nan Gure, suka biyo da amalanken shanu, da tabarmi da tukwane da ƙyauren ɗaki a sama. Ya sa aka tsaya a bakin rumfata. Bai sauko ba, ƙafafunsa sun kumbura. Ya miƙo mini ɗan buhu ta hannun ɗansa.

Na ce, "Baba, me ke nan?"

Ya ce, "Dabino ne. Ba tsani muka sa ba, ba hawa muka yi ba, a tsaye a kan yashi muka tsinke shi. Ku ci, ba za a sake ba."

Amalanke ya wuce. Na juye shi a tire na ajiye a bakin rumfa, masu wucewa suna ɗauka. Dabino ne mai zaƙi ƙwarai, sai dai duk wanda ya ɗauka sai ya busa shi, ya goge a riga, kuma duk da haka yana taunawa kana jin yashi yana ƙara a haƙoransa.